Gudumar Malamin Daji

Yau na mai da guduma ofis.
Yaron sito ya juya ta, ya shafa bakinta,
ya ce, "Baba, harufan sun cinye."
Na ce, itace ne ya cinye su, ɗana,
shekara talatin da biyu suna cizon kututture.
Ya ce in sa hannu. Na sa.
Hannun da bai taɓa rawa a jikin maɗaci ba
yau ya yi rawa a kan takarda.

Ran da aka ba ni ita, can bayan Kufena,
doka biyu na tarar:
ɗaya mai ganye, ɗaya mai shafi.
Mai ganyen ta yi duhu
har rana sai ta yi sallama kafin ta shiga.
Aka ce mai shafin ce za ta yi gadinta,
ni kuma in yi gadin mai shafin.
Na ɗaura ɗamara, na amsa.

Shafi na tara ya ce: sare ɗaya, dasa uku.
Mun jera ukun a baƙar leda
a lambun reno na hanyar Shika,
muna jiran kuɗin ban ruwa daga Kaduna.
Kuɗin na hanya.
Har awaki suka gaji da jira.
Duk damina manya kan zo da rumfa da lasifika,
a dasa ɗaya, a tafa, a wanke hannu.
Ni na san ramin.
Shekara bakwai shi ɗin dai ake wa dashe.

Akwai Tanimu, masassaƙin turmi daga Dakace.
Iska ce ta kayar masa da kirya, ba gatari ba,
ya rantse, na kuma san gaskiya ya faɗa.
Amma shafin bai san iska ba.
Na karɓe gizagonsa, na yanka masa tara.
Bai zage ni ba.
Ya dai dubi tafin hannunsa
kamar wanda ya taɓa aljihu ya ji wayam.

Daren nan manyan motoci biyar suka ratsa Kwangila,
madobiya har wuya, an ja tamfol.
Takardunsu tsaf, ba ko ɗigon kuskure.
Kowane gungume da hatimi a goshi.
Kada ka tambaye ni na wane ne.
Galma ta sani,
ita da ta rasa inuwar gaɓarta
take kwana tana cin gonakin mutane.

Tanimu ya rasu bai biya tarar ba.
Ɗazu na hango gizagon a lungun sito,
gara ta gama da ƙotar, saura ƙarfen.
Na ce wa yaron, ba ni in kai wa ɗansa.
Ya buɗe littafi, ya bi layi da yatsa,
ya ce kayan gwamnati ne,
sai da wasiƙa.

Na biyo ta 'Yan Katako a ƙafa.
Injin zarto na kuka, dusar itace na shiga ido,
Alhaji Lawandi ya ɗago mini hannu daga kan benci,
ya aiko yaro da goro.
Na karɓa. Na saba karɓa.
A tsakanin katakan ina ganin rabin harafina,
kamar fuskar ɗan da na ƙi amsa wa a kasuwa.

Doka mai shafi tana nan lafiya,
bana ma an yi mata sabon bango.
Mai ganyen, in kana nemanta,
je ka Ƙofar Doka ka tsaya a rana,
ka tambayi masu babur ina inuwa.

Ni yanzu abu ɗaya ke hana ni barci:
'yan itatuwan da za a jera a kaina
ranar da aka kai ni bayan ganuwa,
daga wane daji za a samo su,
wa kuma zai buga musu hatimi?